Wasiƙa Zuwa Safa: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Mu nan Ingila alhamdu lillahi, sai sanyi da karatu.

Yau ba labarin ƙasar Turawa zan ba ku ba, magana ce ta gida ta dame ni. Na zaɓi in rubuta ta a nan ne saboda a zauren WhatsApp na dangi duk abin da mutum ya faɗa, kafin minti goma an binne shi da hotunan barka da Juma'a. Maganar ita ce ban yarda a ciri ko riyal ɗaya daga asusun dangi a sayi sabon rumbu ba, kuma ban yarda a ƙara kuɗin intanet na wata-wata a gidan Kawu da sunan wannan matsala ba. Kawu, Allah ya ƙara girma, ku yi mini afuwa. Na san ku kuka kawo shawarar, kuma na san da kyakkyawar niyya kuka kawo ta. Wanda ya ba ku shawarar nake faɗa da shi.

Ga wanda bai san abin da muke kira Rumbu ba, wani ɗan akwati ne baƙi da ke zaune a kan kanta a gidan Kawu a unguwar Safa. Ƙaramar uwar garke ce, da faifan ajiya biyu a ciki, kowane terabayit 4. Abin da ke cikinta shi ya sa nake ɗaga murya. Akwai hotunan dangi da aka kwafa daga takarda, akwai wasiƙun ajami da Kaka ya riƙa aikowa Kano, akwai muryar Goggo babba da aka juyo daga kaset tana lissafa zangon da suka bi ta Sudan kafin su ƙetare teku. Akwai kuma bidiyon tsohuwar unguwa. Kun dai san tun daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda da dama, irin su Sabil da Gulail da Petromin da Kandara, kuma a dalilin haka ne mutanenmu suka kwashe kaya suka dawo Safa. Lungun da yawancin 'ya'yan Kawu suka yi rarrafe a cikinsa yanzu babu shi a doron ƙasa. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da yara suka ɗauka da waya kafin katafila ta iso, kuma yana cikin wannan akwati.

Ƙorafin shi ne Rumbu ya yi nauyi. Bidiyon bikin da aka yi bara, gigabayit 40, sai da ya ci awa guda kafin ya shiga. Aka kira wani mai gyara, wanda yara ke ce wa muhandis. Ya zo, ya dubi akwatin, ya ce ya tsufa. Ya ce a sayi sabo mai ƙofar gigabit 2.5, a sa masa sababbin faifai, sannan a koma babban tsarin intanet. Ya rubuta lissafi, riyal 4,500 ban da ƙarin wata-wata. Na tambayi ƙanina, ɗan Kawu na uku, ko mutumin ya auna wani abu kafin ya yanke hukunci. Ya ce wallahi ko jakarsa bai buɗe ba.

To ni na sa an auna. Na ce wa ƙanina ya ɗauki fayil guda babba ya tura daga kwamfutar ɗaki zuwa Rumbu, ya karanta mini lambar da Windows ke nunawa. Ya ce 11. Na ce ya jira minti biyu ya sake dubawa. Ya ce 11.3, ta koma 11.2, ba ta hawa ba ta sauka, kamar an ja layi da rula.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da wannan sana'a ya san wannan lamba kamar yadda mai shayi ya san tafasar ruwa. Bari in yi bayani a hankali, don a nan ake cutar mutane. Akwai megabit, akwai megabayit, kuma ba abu ɗaya ba ne. Bayit guda bit 8 ne. Masu sayar da intanet da masu ƙera kayan sadarwa da bit suke magana, don lambar ta fi girma a kan kwali. Ita kuwa kwamfuta idan tana kwafar fayil da bayit take lissafi. Layin da ke gudu a megabit 100 a daƙiƙa, idan ka raba da 8, megabayit 12.5 ke nan. Cire abin da ke tafiya wajen adireshi da tabbatar da isar saƙo, sai ka tsaya a 11 da ɗoriya. Saboda haka idan ka ga kwafi ya kafe a 11 ba ya motsi, wani wuri a kan hanya yana gudu a megabit 100. Faifan da ya gaji ba ya yin haka. Shi hawa yake yi ya faɗo, ya tsaya ya yi nishi ya ci gaba. Tsayuwa cak a lamba ɗaya alamar ƙunci ce a hanya.

Amma Rumbu ƙofar gigabit ke gare shi, wato megabit 1,000. Kwamfutar ma haka, rauta ma haka. Idan komai lafiya ya kamata a ga megabayit 110 ko fiye kaɗan. To ina aka rasa tara cikin goma?

A cikin bango. Kebul ɗin sadarwa silin waya 8 ne a cikinsa, an murɗe su bibbiyu. Tsohon tsari na megabit 100 sili 4 kawai yake amfani da su. Shi kuwa tsarin gigabit a kan tagulla, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa tun 1999, sai da duk takwas ɗin yake aiki. Idan sili ɗaya daga cikin sauran huɗun ya tsinke ko ba a ɗaura shi ba, na'urorin biyu ba za su yi kuka ba, ba za su nuna jan rubutu ba. Sai su yi shiru su daidaita a kan 100, intanet ya ci gaba da aiki, YouTube ya ci gaba da buɗewa, kowa ya ɗauka lafiya ƙalau. Na sa ƙanina ya buɗe shafin bayanin layi a Windows, ga shi nan ƙuru-ƙuru an rubuta 100/100. Na ce ya kwance soket ɗin bango ya ɗauko mini hoto. Sili 4 ne a ɗaure. Sauran huɗun wanda ya yi wayarin ɗin ginin ya karkatar da su zuwa ramin tarho na kusa, don ya yi aikin kebul biyu da kebul ɗaya. Tsohuwar dabara ce, ana yin ta a gine-gine da yawa, kuma a zamanin da 100 ita ce ƙarshen gudu ba ta cutar da kowa.

Ƙanina ya sauka ya sayo kebul na mita 10, ya ja shi ta ƙarƙashin ƙofa daga kwamfuta zuwa rauta, ya bar bangon da halinsa. Ya sake tura fayil ɗin. 112. Bidiyon da ya ci awa guda yanzu minti 6 ne. Kuɗin kebul ɗin bai kai na abincin rana na mutum biyu ba.

Yanzu ku dubi abin da zai faru da an bi shawarar muhandis. A sayi akwatin riyal dubbai, kwamfutar kuma tana nan a wancan soket ɗin, a samu 11 ɗin nan dai. Ƙofar gigabit 2.5 ma sili takwas take buƙata. Sai a sake kiransa, shi kuma ya ce ai dama na faɗa muku sai an ƙara intanet. Wannan maganar ta intanet ita ta fi ba ni haushi, domin ko dai bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, kuma ban san wanne ya fi muni ga mai karɓar kuɗin mutane ba. Fayil ɗin da ke tashi daga ɗakin yara zuwa kantar falo ba ya fita daga gidan. Ba ya bi ta kamfanin sadarwa, ba ya taɓa layin da ake biya wa kuɗi. Ka zare wayar kamfanin gaba ɗaya daga bango, kwafin zai ci gaba. Mutum ne yake ɗebo hatsi daga rumbu zuwa madafa ta ƙuntatacciyar ƙofa, aka ce masa maganin abin shi ne gwamnati ta faɗaɗa titin Zariya.

Na san abin da Yaya zai ce, don ya riga ya faɗa a zaure: ai su Inna da 'yan mata ba da kebul suke shiga ba, da waya suke shiga, kuma har yanzu suna kuka. Gaskiya ne, Yaya, kuma wannan ciwo ne daban. Wi-Fi ba ya magana da sauraro a lokaci guda, kuma duk na'urorin gidan layi suke bi, ɗaya ta yi magana sauran su jira. Lambar da aka buga a kwalin rauta ba ta taɓa zama abin da ke isowa hannu ba, sau da yawa rabinta ma sai an yi sa'a. Ga kuma Safa yadda take, bene kusa da bene, kowane gida da rautarsa. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk maƙwabta a kansu suke cunkushe. Zangon gigahaz 5 ya fi sarari da gudu, sai dai ba ya jure bangon kankare. Rautar Kawu kuma tana bayan talabijin, a kusurwar falo, bango uku tsakaninta da ɗakin Inna. A fito da ita tsakar gida a ɗora ta sama, wanda zai tura babban abu ya matso kusa ya hau zango na 5. Sabon rumbu ba zai rage kaurin bango ba.

Akwai wani abu kuma da nake so ku sani tun yanzu, don kada gobe a ce ga shi an gyara amma jakar hotuna tana jan ƙafa. Za ta ja. Fayil guda na gigabayit 40 ya fi sauƙin kwafa a kan ƙananan hotuna 80,000 masu nauyin da ya kai haka. Tsarin da Windows ke magana da rumbu da shi, SMB, kowane fayil sai an yi masa gaisuwa: a buɗe, a tambayi izini, a rubuta, a sa kwanan wata, a rufe. Kamar ka shiga gidan biki ne ka ce sai ka durƙusa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Shi ma faifan, allurarsa sai ta yi ta tsalle daga nan zuwa can maimakon ta bi layi ɗaya. Dabarar ita ce a dunƙule hotunan cikin ƙunshi guda kafin a tura, ko a bar su su kwana suna tafiya. Kuma don Allah duk wanda aka ce wa ya kunna tsohon SMB na farko wai don ya fi sauƙi, kada ya yarda. Ta wannan ƙofa cutar WannaCry ta shiga kwamfutocin duniya a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin ƙasar nan da nake zaune.

Batun sababbin faifai ma akwai magana. Lissafin muhandis bai faɗi irin faifan da zai kawo ba, girma kawai ya rubuta. Alhali faifai iri biyu ne a kasuwa. Akwai CMR, mai rubuta kowane layi a wurinsa. Akwai SMR, mai ɗora layi a kan gefen layi kamar jeren kwanon rufi, don a cusa bayanai da yawa a wuri kaɗan. Shi na biyun idan ana karatu ba ka gane bambanci, amma idan aka daɗe ana zuba masa kaya sai gudunsa ya faɗi warwas, don kafin ya gyara layi ɗaya sai ya sake rubuta na kusa da shi. A watan Afrilun 2020 kamfanin Western Digital ya amsa cewa wasu faifansa na Red, daga terabayit 2 zuwa 6, waɗanda ake sayarwa musamman don irin wannan akwati, SMR ne ba tare da an rubuta a jiki ba. Surutu ya yi yawa har ya fito da Red Plus don a bambance. Namu na duba lambarsu, CMR ne, kuma rahoton lafiyarsu bai nuna ko tabo ɗaya ba. Wato ana iya cire mana masu kyau a sa mana waɗanda ba su kai su ba, mu biya, mu yi godiya.

Saura ƙorafin mutanen Kano, kuma ni ma ina cikinsa: idan muka nemi abu daga Rumbu daga nesa, sai mu yi ta jira. A nan ne kawai intanet ya shigo maganar, amma ba ta inda ake zato ba. Abin da ke aiki idan kana jawo fayil daga Safa shi ne gudun fitarwa na gidan Kawu, wanda a mafi yawan tsare-tsare ya gaza na shigowa nesa ba kusa ba, tare da ƙarfin layinka kai mai jawowa. Sannan ga nisa. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Landan zuwa Jidda kusan kilomita 4,700 ne a miƙe, ke nan zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 47 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma kebul ɗin teku ba a miƙe yake tafiya ba. A cikin gida wannan zuwa da dawowa bai kai kashi 1 ba. Mu ƙaddara kowane hoto yana buƙatar gaisuwa goma, kowace gaisuwa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Hotuna 80,000 sun ci awa 22 a gaisuwa kaɗai, ba a fara ɗaukar kaya ba. Ba kuɗin da zai sa haske ya ƙara sauri.

Su kansu kebul ɗin ba su da tabbas. Ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, na Kano za su tuna yadda bankuna da layukan waya suka rikice. Ranar 6 ga Satumba 2025 kuma wasu biyu, SMW4 da IMEWE, suka samu matsala a Bahar Maliya kusa da Jidda ɗin nan, intanet ya yi nauyi daga ƙasashen Larabawa har Indiya da Pakistan. A irin wannan rana ko akwatin zinariya ka ajiye a Safa, jira za ka yi.

Wani daga cikin samari ya kawo shawarar a buɗe wa Rumbu ƙofa kai tsaye zuwa intanet, wai zai fi sauri kuma kowa ya shiga yadda ya ga dama. A'a. A watan Yunin 2021 mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari an share musu akwatunan My Book Live ƙarƙaf daga nesa. A Janairun 2022 cutar DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da ke fuskantar intanet, ɓarayin suka ce sai an biya su da bitkoyin. Waɗannan mutane ba manyan kamfanoni ba ne, irinmu ne, masu hotunan suna da na aure. Idan za a shiga daga nesa, a shiga ta rufaffiyar hanya mai makulli, kuma ni zan saita ta idan Kawu ya ba da izini. Masu cewa a zuba komai a WhatsApp a huta kuwa, ku sani matse hoto yake yi ya rage masa kyau, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Wasiƙar ajami da aka matse, ɗigon harafi ya narke, ta zama ado. Google ma ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka tun 1 ga Yuni 2021, gigabayit 15 ɗin da yake bayarwa ko rabin bikin bara ba zai ɗauka ba.

To me za a yi da kuɗin, tunda an riga an tara? Ga inda nake so a kai su. Faifai biyun da ke cikin Rumbu madubin juna ne, abin da aka rubuta a ɗaya shi ke ɗayan. Wannan yana ceton mu idan faifai ɗaya ya mutu. Idan yaro ya goge jaka bisa kuskure, a duka biyun ta goge. Idan wuta ta yi tsalle, ko ɓarawo ya ɗauki akwatin, ko ruwa ya shigo, duka biyun sun tafi tare. Kuma Jidda ba garin da za a ce ruwa ba ya shigowa ba ne. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, ana shirin hawan Arfa, ambaliya ta kashe sama da mutum 120. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin garin. Ga zafi da gumin teku, ga akwatin yana zaune a falon da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki duk lokacin da aka fita. A halin da ake ciki duk tarihin gidanmu kwafi ɗaya ne, a ɗaki ɗaya, a gari ɗaya, kuma muna ta gardama a kan gudunsa.

Abin da nake roƙo shi ne a sayi faifan waje guda biyu, a kwafe komai a kansu. Yanzu da layin ya buɗe, terabayit 2 da muke da su aikin yini ne ko kwana ɗaya, maimakon sama da awa 50 da zai ci a da. A tabbatar an cusa su a ƙofar USB 3, mai shuɗin baki, don tsohuwar ƙofar ba ta wuce megabayit 40. Ɗaya ya zauna a gidan Goggo a Makka. Ɗayan a ba duk wanda zai fara komawa gida daga Umra ya kai Kano, a damƙa shi a hannun Baba. Duk shekara idan alhazai za su tafi a sabunta na Kano, a musanya. Abin da ya rage na kuɗin a kira mai wayarin ya ɗaura sili takwas ɗin nan a soket yadda ya kamata, don Inna ta ce ta yi tuntuɓe da kebul ɗin ƙasa har sau biyu, kuma tana da gaskiya. Sauran canji a mayar asusu, akwai kuɗin makarantar marayu a gaba.

Ƙanina, kafin mai wayarin ya tafi ka buɗe shafin nan ka ga an rubuta 1000/1000 da idonka, sannan a sallame shi. Ka turo mini hoton.

A gaida Inna da Goggo da yara duka. Na Kano a gaida Baba, a ce masa maganin da ya ce in nemo na samu, zan ba mai zuwa a ƙarshen wata.

Naku,
daga Ingila.